Gargaɗi: ku guji masu tallan wuƙar lambu ta "tsohon maƙeri" a intanet

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk mai lambu, ko mai son ajiye 'yar wuƙa a aljihu, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, yana da ɗan tsawo amma wallahi gara ka ba shi minti biyar da ka yi asarar kuɗinka kuma ka zo kana ɗaure yatsu kamar yadda nake yi yanzu.

Na daɗe ina neman wuƙa mai naɗewa irin mai lanƙwasasshen baki ɗin nan, wadda tsininta ya sunkuyo ƙasa kamar bakin shaho ko ƙaramin lauje. Wanda ya taɓa aiki da ita ya san daɗinta. Ka saƙalo reshe ka jawo, reshen ba ya zamewa saboda lanƙwasar tana riƙe shi, yanka ɗaya ya fita sumul. Haka igiya, bakin buhu, tiyo, kwali, duk ja ɗaya ne. Kuma a wajen shuka tsaftar yanka ba ƙaramin abu ba ne, in ka yanke reshe sumul wurin yana saurin warkewa, in kuwa wuƙa ta tattauna shi ta yage ɓawon to ka buɗe wa cuta da ruɓa ƙofa. Shi ya sa ban so in sayi ko wacce iri ba.

To da yake na yi ta bincike a waya, kun san yadda abin yake, sai tallace-tallacen wuƙaƙe suka fara biyo ni ko ina na leƙa. A ciki ne na ga wannan. Bidiyo ne na wani dattijo mai furfura a maƙera, wuta na ci yana dukan ƙarfe, sai rubutu a ƙasa wai shekara hamsin yana ƙira da hannunsa, yanzu ƙarfi ya ƙare zai rufe maƙera, saura 'yan wuƙaƙe kaɗan yake so ya rabar da ragin kashi 70. Aka nuno wuƙar kusa-kusa, jikinta da zane kamar igiyar ruwa wanda suke ce wa Damascus, ƙota ta katako mai sheƙi, aka yanka takarda da ita aka aske gashin hannu aka datse reshe. Da ka shiga shafin kuma ga agogo yana ƙirga mintuna wai ragin zai ƙare, ga wani ɗan rubutu yana ta ɓullowa wai wane ya saya yanzun nan, saura guda 7, saura guda 6. Na sa lambar katina na biya.

Sai da aka haura wata ɗaya kafin kaya su iso, lambar bibiyar da suka ba ni kwana da kwanaki ba ta nuna komai. Ranar da ta zo, tun daga leda jikina ya yi sanyi. Babu kwali, babu takarda, babu sunan kowa, kawai an naɗe ta a roba. Na ɗaga na ji shafal kamar ba ƙarfe ba. Ƙotar da aka nuna katako ce ashe roba ce aka yi mata fenti, har layin da aka haɗa ɓari biyun yana nan kana jinsa a tafin hannu. Na buɗe ta na kama bakin na girgiza, sai ga shi yana rawa hagu da dama yana ƙas-ƙas, kusar da ta riƙe shi kuma ba irin wadda ake ɗaurewa da sukudireba ba ce, an dai buge kanta ne kawai.

Duk da haka na ce bari in gwada, wataƙila ta yi aiki. Reshe na uku da na yanka, wanda kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, na duba kaifin a hasken rana na ga yana ƙyalli wuri-wuri, wato ya riga ya kwanta. A reshe na gaba sai ta maƙale a tsakiya. Nan ne fa abin ya faru, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ita wannan irin wuƙar in kana jawo ta wajenka ƙarfin yana ƙara buɗe ta ne, ba matsala, amma in ta maƙale ka tura ta baya don ka zare, duk nauyin yana komawa kan makullin da ke riƙe bakin a buɗe. Ina turawa kuwa makullin ya saki, bakin ya rufo a kan yatsuna biyu, manuni da na tsakiya. Kuma ku tuna bakin lanƙwasasshe ne, rungumar yatsa yake yi, tsinin shi ya fara shiga. Jini ya ɓata min riga, sai da aka yi min ɗinki, kuma an ce min Allah ne ya kiyaye bai kai ga jijiya ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran gida suna yawan taya ni aikin lambun nan, da ɗayansu ne ya ɗauka fa?

Bayan hannu ya ɗan lafa na koma na dube ta da kyau. Makullin irin na ɗan siririn ƙarfen nan ne da ke cikin ƙota wanda yake tsallakowa ya tokare gindin wuƙar in an buɗe. A wuƙar kirki yana shiga sosai ya zauna daram, a wannan da kyar yake taɓa gefen, kuma laushinsa ya kai da farce kake ture shi. Sai zanen Damascus ɗin. Na goga takardar yashi a wuri ɗaya ya goge tas, na ɗiga ruwan tsami na bari, babu abin da ya dawo. Na ainihi ƙarfe iri biyu ne ake ninkawa a yi ta dukansu har su zama ɗaya, saboda haka zanen yana cikin naman ƙarfen, za ka gan shi har a gadon bayan wuƙar, in ka goge ka sa asid zai sake fitowa, kuma ba za ka samu guda biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Wannan kuwa bayanta fari fat, an zana mata ne kawai a fuska. Da na koma hotunan shafin na lura duk wuƙaƙen zanensu ɗaya ne layi da layi, amma wai kowacce da hannu aka ƙera.

Da na san abin da na sani yanzu, bayanin da suka rubuta kaɗai ya isa ya tona su. A wuri ɗaya sun ce Damascus ce, a ƙasa sun ce ƙarfen D2 ne, sannan wai ba ta tsatsa har abada kuma ba ta buƙatar washi. Babu wuƙar da ba ta buƙatar washi a duniya. D2 kuma ƙarfe ne mai tauri da riƙe kaifi, yana da kabon wajen kashi 1.5 da kuromiyom wajen kashi 12, amma in ka bar shi da danshi yana iya yin tabo, kuma ba zai taɓa kwanciya a reshe uku ba. Abin da ke kwanciya haka ƙarfe ne mai ƙarancin kabon ko wanda ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Rubuta D2 a jikin wuƙa ba ya cin komai, kowa ma zai iya bugawa.

Kamfanonin da suka san aikin ba sa ɓoye kansu. Opinel na Faransa tun 1890 suke ƙera wuƙa a yankin Savoie, suna da ta lambu mai lanƙwasa, tambarinsu hannu ne mai kambi a jikin ƙarfen, makullinsu zobe ne da ake murzawa a wuyan ƙota wanda suka fito da shi a 1955. Victorinox na Suwizalan tun 1884 suke, su ma suna yin wuƙaƙen datse reshe da na auren itace. Ba talla nake musu ba, kuma su ma ana yin jabunsu, abin da nake nufi shi ne irin waɗannan suna da adireshi, suna faɗin irin ƙarfen da suka yi amfani da shi, kana iya shiga shafinsu ka gwada hoton da abin da ake son sayar maka. Mutumin da ba shi da suna ba shi da gari sai bidiyo mai sa tausayi, da me za ka kama shi?

Wani abu kuma da suke rikita mutane da shi, suna sa hoton karambit su ce wuƙar lambu ce. Karambit asalinta daga yankin Indonesiya ne, tana da zobe a ƙarshen ƙota da ake zura yatsa, kuma yawancin waɗanda ake tallatawa yanzu da siffar makami ake yin su. Ta lambu ƙotarta cike take da hannu, bakinta siriri ne don ya ratsa ɗanyen itace. Kuma kafin ka ce za ka riƙa yawo da ko wacce a aljihu kullum ka san dokar inda kake, a Ingila misali mai naɗewa da bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta da makulli ita ce aka yarda ka ɗauka ba tare da wani dalili ba, mai makulli sai da ƙwaƙƙwaran dalili kamar aiki.

Yanzu maganar kuɗi. Na tura musu saƙo da hoton wuƙar da hoton hannuna. Kwana huɗu sannan suka amsa da zaƙin baki, wai suna ba da haƙuri, in riƙe wuƙar za su mayar min da kashi 15. Na ce ban yarda ba. Suka ce to in mayar da ita, suka ba ni adireshi a wata ƙasa daban da wadda suka ce dattijon yake, kuɗin aikawa a kaina, kuma sai ta isa sun duba tukuna. Kuɗin aikawar ya fi kuɗin wuƙar, sun san haka sarai. Duk jan lokaci ne, so suke wa'adin da banki ke bayarwa na ƙorafin ciniki ya wuce. Da na gane haka na daina biye musu na kai ƙorafi banki da hotunan tallan da rasit da duk saƙonninmu, na kuma sa aka toshe katin aka ba ni sabo. Don Allah in ya faru da kai ka ɗauki hoton shafin tun yana nan, domin nawa sati biyu bayan haka ya ɓace ɓat.

Kuma ba su ƙyale ni ba. Bayan shafin ya ɓace sai ga kira, wai daga sashen mayar da kuɗi, ya san sunana ya san abin da na saya, wai za a turo min lamba a waya in karanto masa kuɗina su shigo. Na kashe wayar. Lambar sirrin da banki ke turowa ta fitar da kuɗi ce, ba a karɓar kuɗi da ita, kada ku karanta wa kowa ko da ya rantse.

Shekaranjiya kuma tallan ya sake fito min. Sunan shafin ya canza, ƙasar da suka ce maƙerar take ta canza, yanzu shekara arba'in ce ba hamsin ba, amma dattijon nan dai shi ne, bidiyon shi ne, har agogon nan yana ƙirgawa kuma wai saura guda 7. Na ɗauki hoton wuƙar na sa a binciken hoto na Google, sai ga ta a shafuka da yawa kowanne da nasa sunan da nasa tsohon maƙerin. Na kai rahoton wanda na gani, ku ma in ya fito muku ku danna rahoto, kuma ku tura wa 'yan uwa masu lambu, musamman iyayenmu da labarin tsoho zai rufe sana'arsa yake saurin taɓa musu zuciya. Wuƙar tana nan na naɗe bakinta da salatif na ajiye inda yara ba za su kai ba, saboda banki sun ce in riƙe ta har a gama bincike, ɗinkin kuma sai jibi za a cire.