Operational, operating da operative: ina suka rabu?

Wani ɗan uwa a zauren nan ya tambaya ko "operational" da "operating" abu ɗaya ne, domin ya ga "operational costs" a wani rahoto, ya kuma ga "operating costs" a wani. Malam, a nan kam duka biyun sun halatta. Kuɗin tafiyar da harka na yau da kullum ake nufi, irin su albashi, haya da gyaran inji. Sai dai akantoci sun fi rubuta "operating", kuma a takardar lissafi "operating profit" za ka tarar, wato ribar da ta saura bayan an cire kuɗin gudanarwa, kafin a taɓa kuɗin ruwa da haraji.

Bambancin yana fitowa ne idan kalmar ta biyo bayan "is". Wanda ya ce "the machine is operational" yana nufin injin lafiyarsa lau, a shirye yake, ko da a kashe yake yanzu. Wanda ya ce "the machine is operating" yana nufin a kunne yake, yana cikin aiki. Nan masu rubuta rahoto ke tuntuɓe. Inji ya lalace, makanike ya rubuta "not operating", manaja ya ɗauka kashe shi kawai aka yi, har ya ƙi tura mai gyara. "Not operational" ya kamata a sa.

Idan "operational" ta zo gaban suna, ma'anarta ta koma duk abin da ya shafi gudanarwa. A banki, "operational risk" ita ce asarar da ke zuwa daga kuskuren ma'aikaci, tangarɗar na'ura, rauni a tsarin aiki ko wani abu daga waje, kamar yadda ƙa'idojin Basel II na 2004, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na kula da bankuna, suka bayyana. A wajen soja kuma mataki ne na tsakiya, ƙasa da "strategic" (babban tsarin yaƙi gaba ɗaya), sama da "tactical" (dabarun fagen fama).

Wasu haɗe-haɗen sai dai hadda, ba su da wata ƙa'ida: "operating system" (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), "chief operating officer" (babban jami'in gudanarwa na kamfani). Ɗakin tiyata "operating theatre" ne a Ingila, "operating room" a Amurka.

"Operative" kuwa ta fi zama a bakin lauyoyi: doka ko yarjejeniyar da ta fara aiki. Likitoci suna cewa "post-operative" ga kulawar bayan tiyata. Gara kada ka ɗora "operative" kan inji.