ibisPaint X: shin ta isa mai koyon zanen katun da anime a waya?

Wanda yake son fara zanen katun ko anime (salon katun na Japan) amma ba shi da kuɗin allon zane na kwamfuta, manhajar zane ta ibisPaint X za ta ɗauke shi nesa. Kamfanin ibis na Japan ne ya fito da ita a 2011, tana aiki a Android da iPhone, kuma kyauta ce, sai dai haƙuri da talla. Yawancin buroshinta a kulle suke, sai ka kalli talla su buɗe na wasu sa'o'i. Kada wannan ya dame ka: fensir na zanen farko da Dip Pen na fitar da layi sun wadatar.

Ƙarfinta yana wajen leya, wato shafuka masu gani-ta-ciki da ake jerawa kan juna. A leyar farko zana da'ira, ja layi a tsaye ya raba ta biyu har ya zarce ƙasa inda haɓa za ta tsaya, sannan layi a kwance na idanu. A anime idanu kan sauka ƙasa da tsakiyar kai, tazararsu kuma faɗin ido ɗaya ce. Masu farawa sukan ɗaga su sama, goshi ya matse, fuskar yarinya ta koma ta babbar mace. Rage duhun leyar zuwa kashi 30, buɗe sabuwa a samanta ka bi da layi mai tsabta, launi kuma ya zauna a wata leya ƙarƙashin layin. Idan ka zuba launi da bokiti ya malale ko'ina, to akwai inda layinka bai haɗe ba. Ƙara girman wurin ka toshe.

Akwai ma'aunin da ke hana layi rawa, daga 0 zuwa 10. Tsaya wajen 4 ko 5. In ka kai shi ƙarshe, layi zai riƙa bin yatsanka a makare, tsinin gashi ya dushe. Ka kuma riƙa juya zanen hagu da dama tun yana fensir, nan take idon da ya karkace zai tonu.

Rauninta a ƙaramar waya yake. Mai RAM 2GB takan yi nauyi idan shafi ya yi girma ko leya ta yi yawa. Yatsa yana rufe inda kake zanawa, alƙalamin roba mai arha kuma ba ya jin ƙarfin dannawa, don haka kaurin layi sai da saiti.

Abin da na fi jiye wa mai koyo shi ne sauƙin ɗora hoton wani a bi ta kansa. Hannu zai saba, amma ido ba zai koyi awo ba. Gara ka ajiye hoton a gefe kana kallo kana ginawa daga da'ira.

Zanenka a cikin manhajar yake zaune. Kafin ka goge ta ko ka canza waya, fitar da shi ka adana a wani wuri.