Manhajar karɓar kiran gobara da muke aiki da ita

Aikina karɓar kiran gaggawa ne a ofishin 'yan kwana-kwana, kuma manhajar nan ta rage mini nauyi sosai. Da kira ya shigo, ita ke rubuta lokacin da kanta, har da daƙiƙa. Ina shigar da adireshi da irin gobarar, sai taswira ta nuna mini motar da ta fi kusa, wadda ta fita, da wuraren ɗiban ruwa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne bayanan gine-gine. Idan an taɓa duba wani gini aka rubuta cewa akwai tukwanen gas a bayansa, ko matakala ɗaya ce tak, bayanin yakan isa allon da ke cikin mota tun ma'aikata suna hanya. Wannan maganar rai ce, ba ƙaramin abu ba.

Rahoton manhajar ma yana da amfani. Ma'aunin NFPA 1710, na ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ya ware daƙiƙa 80 don ma'aikata su shirya su fito, da daƙiƙa 240 don motar farko ta isa. Yanzu muna iya gwada kanmu da shi, ba da kintace ba.

Amma guraben cikawa sun yi yawa, ga mai kira hankalinsa a tashe. Kuma idan mutane da dama suka kira kan gobara ɗaya, ba koyaushe take haɗe su ba. In intanet ya yanke, taswira takan tsaya, don haka rediyo da takarda suna nan kusa da hannuna.