scikit-learn ko PyTorch: da wanne mai rubuta manhaja zai fara?

Masu rubuta manhaja da ke son shiga fannin koyar da na'ura suna yawan tambayar wanne za su kama, scikit-learn ko PyTorch. Dukansu tarin kayan aikin koyar da na'ura ne na kyauta, da harshen Python ake aiki da su, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Wajen kuɗi, scikit-learn ba ya cin aljihu. Kwamfuta mai RAM giga 8 ta isa a horar da samfuri, wato tsarin lissafin da ke koyo daga bayanai, kan teburin bayanai mai layi dubu ɗari. PyTorch, wanda Facebook ya fitar a 2016, yakan buƙaci GPU, wato na'urar sarrafa hoto mai saurin lissafi, idan aikin hotuna ne ko tarin rubutu, kuma hayar GPU da awa ake biya.

Wajen koyo, a scikit-learn umarnin fit (horar da samfuri) da predict (yin hasashe) sun kusa gama magana. A PyTorch kuwa kai za ka rubuta zagayen horon da hannunka. Ka manta zero_grad, umarnin da ke share lissafin gyara na zagayen baya, lissafin gyara ya riƙa taruwa, horon ya rikice, kuma ko saƙon kuskure ba za ka gani ba.

Shi ma scikit-learn yana da nasa tarkon. Idan ka daidaita ma'aunin bayanai kafin ka ware kashi 20 cikin ɗari na gwaji, bayanan gwajin sun yoyo cikin horo. Sakamako zai yi kyau fiye da gaskiya. Pipeline, kayan aikin scikit-learn da ke jera matakan aiki wuri ɗaya, shi ne ke toshe wannan ɓarakar.

Wanda ke aiki da bayanan ciniki, hasashe ko gano zamba, scikit-learn zai biya masa buƙata da wuri. Mai son aikin hoto, murya ko manyan samfuran harshe, kuma yana da haƙurin lissafi, PyTorch ne nasa.