Tsofaffin fayafayan Randy Weston: wanne ya kamata ka saya, wanne za ka bari?

Sunan wani gidan rawa na Legas ne ya fara haɗa ni da Randy Weston. A bayan kwalin faifansa na 1963 mai suna Highlife na ga an rubuta "Caban Bamboo Highlife", kiɗan da aka sa wa sunan gidan rawar makaɗi Bobby Benson da ke kan titin Ikorodu a lokacin. A cikin faifan har da "Niger Mambo", kiɗan da shi Bobby Benson ɗin ya tsara. Weston makaɗin piyano ne na jazz, Ba'amurke, haifaffen Brooklyn a 1926, dogo ƙwarai, kuma idan ya sauke hannun hagu a kan piyano sai ka rantse ganga ake bugawa. Ya fara taka ƙasar Afirka a Legas a 1961, ya komo a 1963, ya halarci bikin FESTAC a 1977, ya kuma yi shekaru a Maroko yana riƙe da gidan kiɗa a birnin Tanja. Ya rasu a 2018.

Wahalar mai neman kiɗansa ita ce bai zauna da kamfani ɗaya ba. Ya yi aiki da Riverside, Dawn, Jubilee, United Artists, Roulette, Colpix, CTI, Polydor, Freedom, har ya kafa nasa mai suna Bakton. Yawancinsu sun mutu ko an sayar da su, kiɗan ya warwatsu a hannun magada daban-daban. Wani faifan an sake buga shi sau da dama, wani kuwa tun fitowar farko ba a waiwaye shi ba sai jifa-jifa. Saboda haka kiɗa ɗaya kana iya samunsa ta hanyoyi huɗu ko biyar, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Bari in fara da wanda ya fi jan rai, wato bugun farko a faifan garmaho. Babu mai musun daɗin riƙe Uhuru Afrika na Roulette a hannu, faifan da aka ɗauka a watan Nuwamba 1960, shekarar da Najeriya da Nijar da ƙasashen Afirka da dama suka sami 'yancin kai. Melba Liston ce ta tsara wa makaɗan abin da kowa zai busa, Langston Hughes ya rubuta baitocin, Babatunde Olatunji yana cikin masu ganga, kuma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta shi. Kwalin da takardar tsakiya da rubutun baya duk tarihi ne. Sai dai faifan da ya haura shekara sittin ya bi hannaye da yawa, allurai iri-iri sun bi ta kansa, wasu dakusassu. Abin da allura mai nauyi ta cinye a tsagar faifai ba ya dawowa ko da an wanke shi sau goma. Kiɗan piyano kuwa shi ya fi tona asirin faifai mai ciwo: inda Weston ya danna ƙasa da ƙarfi ya saki sauti ya yi ta amo, nan za ka ji ƙarar soyuwa kamar ana toya ƙosai a maƙwabta.

Masu sayarwa a shafukan ciniki na intanet irin Discogs da eBay suna da haruffan da suke auna lafiyar faifai da su. NM na nufin kusan sabo. VG+ na nufin an saurara amma an kula da shi, karcen da ke jikinsa bai kai kunne ba. VG kuwa akwai ƙara, za ka ji ta a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. A ganina, ga mai piyano irin Weston, kada ka sauka ƙasa da VG+. Kuma ka tambayi mai kayan ko da ido ya auna ko ya ɗora faifan ya saurara, domin faifai yakan yi ƙyalli alhali cikinsa ya ƙare. Wani abin dubawa shi ne ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. A nan ake karta lambobin bugu, da su ake gane na farko da na baya. A fayafayan CTI na asali irin Blue Moses na 1972, a nan za ka ga tambarin VAN GELDER, sunan injiniyan da ya ɗauki sautin a ɗakinsa na New Jersey. Ka nemi a turo maka hoton wurin. Idan ka ga an huda kwalin ko an yanke masa kusurwa, alama ce ta ragowar kaya da kamfani ya karyar da farashinsa a wancan zamani. Yana rage darajar kwali a wurin masu tarawa, amma sau da yawa faifan da ke ciki lafiyayye ne, don haka ni ba na gudunsa.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Fayafayan Weston guda biyu ne ke ɗauke da suna African Cookbook. Ɗaya na Atlantic ne na 1972, wanda asalinsa kiɗan 1964 ne tare da Booker Ervin, da Weston ya fara fitarwa a kamfaninsa na Bakton da sunan Randy! Ɗayan kuma an ɗauke shi a Faransa a 1969, Polydor ta fitar, makaɗan ma daban ne. Suna ɗaya, ciki daban. Kafin ka biya, karanta jerin kiɗan da sunayen makaɗa. Kuma ga misali mai kyau na yadda bugu na biyu ke ceton aljihu: na Bakton kaɗan aka buga, samunsa sai an sha wuya, amma na Atlantic kiɗan nan ne dai, kuma ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo mu ga faifan garmaho da aka sake bugawa daga baya. Waɗanda aka buga a Japan a shekarun 1970 da 1980 sun yi suna wajen tsabtar roba da rashin ƙara, kuma masu su kan adana kaya da kyau. Na Riverside kuwa an dawo da su a jerin Original Jazz Classics, masu araha da sauti mai kyau. In dai kunnenka kake wa sayayya, waɗannan sun wadatar.

Amma shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni daga Kano ko Zariya ko Maraɗi ita ce ya fara da faifan CD na hannu. Dalilina na farko zafi ne. Na taɓa yin odar Tanjah, faifan Polydor na 1973, daga wani mai sayarwa a Turai. Mutumin ya naɗe shi da kyau, amma kayan ya kwana biyu a ɗakin ajiyar wani kamfanin dako cikin watan Afrilu. Da na zaro shi na ɗora a kan injin, sai ga bakinsa yana hawa yana sauka kamar faifan kaba da ya sha rana, allura tana tsalle tun kafin a shiga kiɗan farko. Na danne shi tsakanin gilasai biyu na tsawon makonni, ya ɗan miƙe, amma har yau gefe ɗaya ba ya sauraruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na daɗe ina jiran faifan nan. CD ya fi jure irin wannan tafiya. Dalili na biyu kuɗin aikawa ne. Faifan garmaho da kwalin kariyarsa babban ƙunshi ne, wani lokaci kuɗin kawo shi ya fi kuɗinsa, ga kuma kwastam. CD uku ko huɗu suna shiga ambulan guda, ko aljihun jakar ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya.

Kuma a kan Weston, CD ya yi mana gata. Bayan an sayar da Roulette a 1989, an haɗa Uhuru Afrika da Highlife a CD guda a 1990. Wato fayafayan nan biyu da suka fi shafar mu, waɗanda bugunsu na farko ke da tsada, suna nan a wuri ɗaya, an ɗauko su daga hannun masu haƙƙin mallaka. Shi ma an daina buga shi, amma yana fitowa a kasuwar na-hannu. Idan abu ɗaya kawai za ka saya, shi nake ganin ya dace. Wanda ya fi shi kuma shi ne ƙunshin Mosaic Select na 2003, CD uku da suka tattara aikinsa daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1963, har da faifansa mai suna Little Niles. Kamfanin Mosaic yana buga adadi ƙayyadadde ne, idan ya ƙare ba a ƙarawa, shi ya sa farashin ke tashi a hannun dillalai. Ka tabbata ɗan littafin da ke ciki yana nan, domin a cikinsa ake samun ranakun ɗauka da sunayen makaɗa, kuma ƙunshin da ya rasa shi bai kamata a sayar maka da shi a cikakken farashi ba.

Ayyukansa na baya-bayan nan ma a zamanin CD aka yi su, don haka CD ɗin shi ne asali, babu wani abin nema a bayansa. Akwai guda uku da ya ɗauka a Faris a 1989, ɗaya don girmama Duke Ellington, ɗaya don Thelonious Monk, ɗaya na kiɗan kansa. Akwai The Spirits of Our Ancestors na 1991, inda Dizzy Gillespie da Pharoah Sanders suka shigo. Sai wanda ya yi da manyan makaɗan Gnawa na Maroko a Marrakesh a 1992. Wannan na ƙarshen ina roƙon Bahaushe ya saurare shi da natsuwa. Gnawa zuriyar mutanen da aka tsallaka Sahara da su ne daga ƙasashenmu na kudu da hamada. Ƙarafan da suke kaɗawa a hannu 'yan'uwan sambani ne, abin kiɗansu mai tsirkiya uku kuma da ka ji shi sai garaya ta faɗo maka a rai. Weston bai cika faifan da piyano ba, ya ja gefe ya bar su su yi. Na daɗe ban ji baƙo ya yi wa kiɗan mutane irin wannan ladabi ba.

Za ka kuma ci karo da ƙunshi masu arha ƙwarai daga Turai, faifai shida ko takwas a CD uku ko huɗu. Ba jabu ba ne a dokar can. A da, haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka yana ƙarewa a Turai bayan shekara 50. A 2013 aka tsawaita shi zuwa 70, amma abin da ya fito kafin 1963 ya riga ya kuɓuce. Shi ya sa za ka ga Little Niles da Uhuru Afrika a irin waɗannan ƙunshi, Highlife na 1963 kuwa doka ta riƙe shi. Masu buga su ba su da kaset ɗin asali na ɗakin ɗauka, daga wani CD ko wani faifai suke kwafa, don haka sautin wani lokaci ya yi kyau, wani lokaci ya dushe. Kuma ba dole ne ko kwabo ya kai ga iyalan makaɗan ba. Ga ɗalibi mai son sanin Weston da ɗan kuɗi, ba zan hana ba. Ga mai tarawa kuwa, ba su da wata daraja idan ya tashi sayarwa.

Sauraro ta intanet a Spotify ko Apple Music ko YouTube yana da amfani guda babba: ka ji kafin ka saya. Blue Moses misali ne. Shi ne faifansa da ya fi kasuwa, amma piyanon lantarki ya buga a ciki, aka kuma ƙara wa kiɗan tarin masu busa daga baya, shi kansa bai ɓoye cewa ya fi son piyanon katako ba. Wani zai so shi, wani zai ga ba Weston ɗin da yake nema ba ke nan. Gara ka gane haka da data kaɗan. Sai dai abin da ke can yau yana iya ɓacewa gobe idan yarjejeniya ta ƙare, kuma ƙananan fayafayansa na Faransa ba kullum ake samunsu ba.

To yaushe faifan garmaho ya cancanci wahalarsa? Idan kana da injin da allurarsa sabuwa ce, da ɗaki mai inuwa inda za ka jera fayafayai a tsaye, nesa da taga da ƙurar hunturu. Ka lura kuma, injin da aka yi wa Amurka wuta 110 yake sha, tamu kuwa ta ninka haka, kuma wasu tsofaffin injinan saurin juyawarsu ya dogara da bugun wutar can, sai ka ji piyano ya yi ƙasa ya yi nauyi ko da ka sa taransifoma. Injin da aka yi wa Ingila ko Turai ya fi dacewa da mu. Idan duk wannan ya kammala, sai ka ware kuɗinka ga guda ɗaya ko biyu da ranka ya fi kwantawa a kansu. Ni Highlife na zaɓa, saboda sunan Legas da ke bayan kwalin. Fayafayan Freedom na 1974, wato Carnival da Blues to Africa, su ma suna da sauƙin kuɗi, kuma na biyun piyano ne zalla, shi kaɗai. Mai zuwa Legas yana iya leƙa shagon Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi, domin faifan da ka duba da idonka a hasken rana ya fi wanda ka gani a hoto.

Idan kuma daga waje za a aiko, rubuta wa mai kayan ya zare faifan daga kwalinsa, ya ajiye su gefe da gefe tsakanin kwalaye masu kauri, don kada bakin faifan ya tsaga kwalin a hanya. Ka sa a ba ka lambar bin sawun kaya, ka je ka karɓa ranar da ya iso. Sannan ka lissafa lokacin oda yadda zai sauka cikin Disamba ko Janairu, kada ya faɗa tsakiyar bazara.