Farin garin kan batir, da Mastan da ya ƙi sayar mini da sabo

Kusan shekara guda ina fama da motata, bas ƙirar Nissan Urvan, kowace asuba. In murɗa makulli, ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, sai yaran unguwa sun taya ni turawa daga ƙofar masallacinmu a unguwar Aboabo, a Kumasi. In na ɗaga murfin batir kuwa, kansa ya yi fari fat kamar an barbaɗa garin rogo, gefe guda kuma shuɗi-shuɗi. Dabarar direbobi ba wadda ban yi ba: ruwan zafi, Coca-Cola, kankarewa da wuƙa. Kwana huɗu gari ya dawo. Wani mai shago ya ce batirin ne ya mutu, na sayi sabo, bai cika wata biyar ba shi ma ya fara furfura.

Abokin lodina ne ya kai ni wajen wani mai lantarkin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, can ciki, inda sai ka ratsa gawarwakin motoci kafin ka ga rumfarsa. Dattijo ne ɗan Zango, kowa Masta yake ce masa.

Na ce, "Masta, batir nake so, mai kyau."

Ya ce, "Alhaji, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Tayar da ita."

Ya ɗora mitarsa injin yana aiki, ta nuna 15.4. Ya juyo mini da ita in gani da idona. Lafiyayyar altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in injin yana aiki, in ji shi, tsakanin volt 13.8 da 14.4 take ba batir, in an kashe mota kuma cikakken batir ya tsaya wajen 12.6. Tawa dafa shi take yi. Ruwan batir asid ne gauraye da ruwa. In caji ya yi yawa sai ya riƙa tafasa, tururin ya fito ya sauka a kan ƙarfe yana ci. Farin garin nan dalmar kan batir ce da asid ya cinye, shuɗin kuma jan ƙarfen maƙalar waya. Wato ko batir goma na saya, haka za su ƙare.

Wankin ma abin kallo ne. Wayar ragi, wato ta kan da ke da alamar (-), ya fara kwancewa da sifana mai lamba 10, don kada sifana ta taɓa jikin mota wuta ta tashi. Ya dama bekin soda a gwangwanin madara ya zuba, wurin ya hau kumfa yana tsuwa. Ya ce in babu, jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin. Ya goge da burushin waya har dalmar ta yi ƙyalli, ya ɗaure tam, sannan ya shafa basilin a sama. Ni da can kafin ɗauri nake lafta giris, ashe hanyar wuta nake toshewa. Ya ƙara ruwan batir na kwalba, ya ce kada in kuskura in zuba na famfo ko fiya wata. Yaronsa kuma ya canja regileta, mai daidaita ƙarfin caji, a altaneta.

Da aka ɗaga batirin, farantin ƙarƙashinsa tsatsa ta gama da shi, yatsana ya shige. Wannan ya ce ba aikinsa ba ne, ya tura ni wajen mai walda, da sharaɗin a kankare a shafa jan fenti kafin a mayar.

Ba komai ya yi mini daɗi ba. Na je ƙarfe tara, ban fito ba sai bayan azahar, ga benci ɗaya tak. Abin da ya fi tsaya mini, ruwan wankin nan kwata ake tuttulawa, yaransa kuma da hannu tsirara suke taɓa garin dalma, su ɗauraye sama-sama su zauna cin wake da shinkafa. Dalma guba ce, na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana yi. Ban ji daɗin amsar ba.

Duka kuɗin aiki da regileta bai kai rabin na batirin da na saya a banza ba. Yau wata huɗu, murɗa ɗaya take tashi. Yaran unguwa ne kawai ke hararata, kuɗin kokonsu na asuba ya yanke.