Jamus ta Lahadi take karɓa, Ingila ta Asabar

Yaya, ina gaishe ka da mutanen gida duka. Ka ce in bar turo hotuna in zauna in rubuta yadda zaman yake, to ga shi. Ka san ni tun ina yaro abu biyu ne ba na wasa da su, ƙwallo ranar Asabar da sujada ranar Lahadi. Furfura ta fito, hali yana nan. Na daɗe a Dortmund ta Jamus kafin aiki ya kawo ni Liverpool, kuma abin da na gane shi ne kowace ƙasa da ranar da take tatsar irina.

A Jamus, makon da na isa na je yin rajistar mazauni, ma'aikaciyar ta tambaye ni addini. Na faɗa mata da ƙarfina, har da ɗaga ƙirji. Sai da takardar albashi ta zo na ga wani layi da ban san da shi ba. Ashe harajin coci ne. Wanda ya yi rajista a Katolika ko babbar ikilisiyar Furotesta, gwamnati ce ke cire masa, kashi 9 cikin 100 na harajin albashinsa a jiharmu, kashi 8 a Bavaria da Baden-Württemberg. Ba tasar baiko, ba wa'azi a kan bayarwa, kuɗin ya tafi tun ba ka gan shi ba. Mai son fita kuwa, a jiharmu sai ya je kotu ya biya Yuro 30. Ni ban fita ba. Majami'ar tana da ɗumi cikin hunturu, ikilisiyoyin suna riƙe da asibitoci da gidajen renon yara, ina ganin inda kuɗin ke zuwa. Sai dai kujerun sun fi masu sujada yawa, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

Ƙwallo kuma a can ta talaka ce. Akwai ƙa'idar da suke kira 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, saboda haka attajiri ba ya saye ya yi yadda ya ga dama. Filin Dortmund yana ɗaukar mutum 81,365, kuma ɓangaren kudu kaɗai kusan 25,000 ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, kowa sanye da ruwan ɗorawa. Tikitin tsayuwa ba ya karya mutum, kuma da shi za ka hau jirgin ƙasa da bas na yankin ranar wasa ba ƙarin ko sisi. Wahalar ɗaya ita ce samunsa. Ranar farko da na tsaya a wurin aka ci ƙwallo, wani tsoho da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi, abin shansa ya jiƙa mini riga, ya ba ni haƙuri muka ci gaba da ihu.

Nan Ingila abin ya juye. Coci ba ta da haraji. Abin da ka sa a baiko shi ne naka, kuma in kana biyan haraji ka cika ɗan ambulan na Gift Aid, hukuma ta ƙara wa cocin fani 25 a kan kowane fam. A majami'armu har na'urar kati aka ajiye a bakin ƙofa, ka taɓa ka wuce. Ni har yanzu na fi son in ji kuɗi a hannuna. Bayan sujada akwai shayi da biskit, a nan ake hirar gaske, rabinta kuma a kan wasan jiya.

Ranar Asabar ce aljihu ke kuka. Kafin ka ga tikitin Firimiya yawanci sai ka fara biyan kuɗin zama mamba, sannan ka shiga layi a intanet, sau da dama ka fito hannu rabbana. Sauƙin da na sani ɗaya ne: tun 2016 tikitin mai bin kulob ɗinsa wasan waje ba ya wuce fam 30. Tsayuwa ma an daɗe da hana ta bayan turmutsitsin da ya faru a filin Hillsborough a 1989, wanda ya ci ran magoya bayan Liverpool 97, sai a 2022 aka fara barin tsayuwa a wuraren da aka sa ƙarafunan kariya. A wannan gari ba a yin wasa da wannan magana, kusan kowa ya san gidan da abin ya shafa.

Ka ce to in zauna gida in kalla. Nan ma da sauran rina a kaba. An raba wasannin tsakanin kamfanoni, sai ka biya nan ka biya can, ban da lasisin talabijin na shekara. Bayan duk wannan, daga 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar ba a nuna wasa kai tsaye a ƙasar, wai don mutane su riƙa zuwa filayen ƙananan kulob. Wato wasan ƙarfe 3 da kuke gani a can, ni da nake jin ihun filin daga tagata sai rediyo. Na saba. Ina zama a kicin da ƙaramar rediyona ina guge rigar coci, da dare in ga yadda aka ci ƙwallayen a BBC.

Sayayyar Lahadi kuma Ingila ta fi. A Jamus kantuna a rufe suke ruf, in ka manta madara sai tashar jirgi ko gidan mai. A nan manyan kantuna suna buɗewa awa 6, muna tashi sujada in biya. Amma ina kewar shirun Lahadin Jamus, ba na ɓoye maka.

Everton nake bi yanzu, kada ka yi dariya. Abin da ya ja ni shi ne daga coci ta fito, ta Methodist mai suna St Domingo, a 1878. Kuma a kusurwar tsohon filinsu Goodison Park akwai majami'ar St Luke, manne da filin kamar ɗaki da zaure. A da, ranar wasa nakan shiga in sha shayi kafin a busa usur. A 2025 suka koma sabon fili a bakin ruwa, ƙungiyar mata ta gaji Goodison. Sabon yana da kyau, kujera da faɗi, banɗaki tsaf, amma na zaga shi ban ga inda zan sha shayina ba. Yanzu filas nake cikawa daga gida in shanye a bas.

Ka gaida su Mama, ka ce mata rigar sanyin da ta tambaya tana hanya.